Dan Allah wace irin dok zan saya don haɗa monita biyu da laftof?

MaiLissafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina na lissafi ne, kullum ina cikin Excel kuma allon laftof ɗin ya yi min kaɗan, shi ne nake so in haɗa monita biyu, ga kibod da maus da firinta da wayar intanet, wallahi na gaji da cirewa da sake jonawa duk sanda zan fita da ita. An ce min akwai dok da ake jona komai a jikinta, waya ɗaya tak ce za ta shiga laftof har caji ta riƙa yi. Wani abokin aikina ya ara min tasa mai ramin HDMI biyu, kibod da maus sun yi aiki amma monitocin ko ƙyaftawa ba su yi ba, alhali a kwamfutarsa lafiya lau suke kawowa. Tawa Windows ce kuma tana da ramin USB-C. Daga ina matsalar take?

Bakanike:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sayi komai tukuna, fara bincika ramin laftof ɗinka. USB-C siffar rami ce kawai, ba duka ne ke fitar da hoto ba. Akwai wanda bayanai kaɗai yake wucewa ta cikinsa, akwai mai DisplayPort Alt Mode wanda shi ne ke fitar da hoto, sai kuma Thunderbolt 3 ko 4 mai gudun 40Gbps, wannan galibi za ka ga alamar walƙiya a gefensa. Tunda kibod ya yi aiki amma hoto bai fito ba, ina kyautata zaton naka na bayanai ne kawai, kuma in haka ne ko dok mafi tsada ka sayo irin wannan ba za ta ƙirƙiro abin da laftof ɗin ba ta da shi ba. Wani lokacin ba sa buga alamar ma, don haka ka juya ƙasan laftof ɗin ka ɗauki lambar samfurinta ka duba a shafin kamfanin. Kuma ka gwada da wayar da ta zo tare da dok ɗin, don wayoyin caji da yawa USB 2.0 ne a ciki, ba sa ɗaukar hoto sam.

MaiZane:
Gaskiya ne abin da Bakanike ya faɗa, amma ko ramin bai fitar da hoto akwai mafita, wato dok mai DisplayLink. Ita sai ka saka direbanta, wato manhajar da ke sa ta aiki, a kwamfuta, tana matse hoton ta tura shi ta USB kamar sauran bayanai, har a tsohon ramin nan mai faɗi na USB 3.0 tana aiki. Ga mai Excel da imel da rubutu ta wadatar. Ni dai ba zan ba mai gem ko mai tace bidiyo shawarar ta ba, saboda firosesa ce ke ɗaukar nauyin kuma in abu na motsi da sauri za ka ji ɗan jinkiri, a aikin zane wannan na damuna sosai.

Malama_IT:
Ƙari kan nasu, ka lura da maganar caji. Ba kowane USB-C ke karɓar caji ba, sai mai Power Delivery. In yana karɓa to duba cajarka wat nawa ce, in 65W ce kar ka ɗauki dok mai ba da ƙasa da haka, za ka ga batir na sauka kana tsaka da aiki ko kwamfutar ta rage gudu. Sannan masu MacBook da za su karanta wannan, dok ɗin da ke raba hoto ta hanyar MST, wato fasahar tura hoton allo fiye da ɗaya ta waya ɗaya, a Windows tana ba da allo biyu daban-daban amma macOS ba ya goyon bayan haka, hoto ɗaya za ku gani a duka biyun, kuma MacBook Air mai M1 monita ɗaya kawai take ɗauka da kanta sai dai a bi ta DisplayLink ɗin.

MaiLissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba shafin kamfanin, ramin na bayanai ne kawai, ba hoto ba caji. Amma akwai ramin HDMI ɗaya a jikin laftof ɗin, zan iya jona monita ɗaya a nan ɗayar kuma ta dok?

Bakanike:
Ƙwarai kuwa, muddin dok ɗin mai DisplayLink ce, hakan ma ya fi sauƙi ga firosesa. Sai dai waya ɗayar da kake buri ba za ta samu ba, uku za ka riƙa jonawa, HDMI da ta dok da caja. In sun kawo hoto iri ɗaya danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi Extend, sai ka shiga saitin allo ka ja su ka jera yadda suke a kan teburinka don maus ya riƙa tsallakawa daidai.