Banki, taska ko rumbu: wace kalma za mu ba manoma?

Mai shirin manoma: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shiri a rediyo ran Juma'a, takardar da zan fassara da Faransanci take, kuma kalma guda ta tsaya mini a maƙoshi: banque de gènes, wadda masu Ingilishi ke cewa genebank. Wuri ne da ake busar da irin shuka, a liƙe shi cikin 'yan jakunkuna, a jera a ɗakin sanyi shekara da shekaru, kowane da lambarsa da sunan garin da aka samo shi. Akwai na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, akwai na takwararta IITA a Ibadan wanda babu kamarsa wajen tara wake. Na rubuta "bankin ƙwayoyin halitta", na karanta wa innata, sai ta ce ko wani sabon ɗaki ne aka buɗe a asibiti.

Malamin gona, Tarna: Wa alaikumus salam. Inna ta yi gaskiya, ki cire ƙwayoyin halittar nan. Hausa ta riga ta gama aikin da kalmar "iri". Abin da ake shukawa iri ne. In aka ce wane iri ne, zongo ko maiwa, iri ne. In aka ce yaro ya yi irin ubansa, gadon jini ke nan, shi ne abin da masana ke nufi. Ko rogo da doya, da ake ajiye tsironsu cikin 'yan kwalabe don ba a shuka su da ƙwaya, manomi "irin rogo" yake cewa. Saura kalmar da za ta zo gaba.

Ɗan Tibiri: To ai shi ke nan, bankin iri. Ku dubi na tsibirin Svalbard, can arewacin duniya, wanda ƙasar Norwe ta haƙa cikin dutse aka buɗe a 2008, sanyinsa digiri 18 ƙasa da sifiri. Kowace cibiya tana kai kwafin abin da take da shi a akwati rufaffe, kuma ba mai buɗewa sai ita. Da yaƙi ya raba cibiyar binciken noma ta ICARDA da ma'ajiyarta ta Halab a Siriya, a 2015 ta je ta karɓo ajiyarta, ta shuka a Labanan da Maroko, ta sake mayar da sabo. Ajiya da cirewa, in ba banki ba mene ne?

'Yar Madarunfa: Yaya, ka manta muna da bankin cimaka a ƙauyuka. Ranar da aka faɗi "bankin iri" a rediyo, washegari mata za su ɗauki buhu su tambayi nawa ne tiya. Ga shi banki a kunnen mutanenmu bashi ne da kuɗin ruwa. Alhali abin da ake ba mai bincike a wuraren nan bai cika tafin hannu ba.

Malamin makaranta: Taskar iri fa? Ta fi daɗin faɗa.

Malamin gona, Tarna: Daɗi kam akwai, Malam, amma taska ta mai ita ce, kulle take. Wannan kuwa don musaya aka yi shi. A 2001 ƙasashe suka amince da yarjejeniya a FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka sa amfanin gona 64 a jeri guda, har da hatsi da dawa da wake, a kan cewa mai bincike daga kowace ƙasa da ta sa hannu zai nema a ba shi, in ya ci riba ya mayar da wani abu asusun haɗin gwiwa. Dalili a fili yake: masarar da muke gasawa a bakin titi daga Meziko ta fito, hatsin da Indiya ke nomawa kuma asalinsa Sahel ɗinmu. Abin haushi, gyaɗa ba ta shiga jerin ba, mu da Maraɗi ta yi suna da ita.

Dattijo daga Gidan Rumji: 'Ya'yana, kun yi ta zagaye kun bar rumbu a baya. Mahaifina in an yi girbi yakan zauna ya tsamo zangarniyar zongo mafi tsawo da cika, ya ɗaure daminta dabam. Waken iri kuma a tulu, a cakuɗa da toka, a liƙe baki da laka. Ban da rumbun da ake ci kullum, akwai wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci, shi ne rumbun tsimi. A yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, gidaje da yawa sun cinye har irinsu, wani hatsin ban sake ganinsa a gonakinmu ba. Abin da kuke bayani rumbun tsimin iri ne, sai dai na duniya ne duka.

Ɗan Tibiri: Baba, na sallama, amma hatsin tsimi in ya daɗe ba ya tsira.

Malamin gona, Tarna: A cibiyoyin ma haka ne. Lokaci lokaci sukan ɗebi 'yan ƙwayoyi su jiƙa su ƙirga nawa suka tsiro; in sun ragu sai a kai gona a sabunta. Na hatsi ma sai an sa wa zangarniya jaka, don iska tana kwaso bununin maƙwabta ya gurɓata shi.

Mai shirin manoma: Allah ya saka, Baba. Zan ce "rumbun tsimin iri" a farkon shiri, daga baya in taƙaita "rumbun iri". Na Svalbard kuma, tun da ba a rabo a can, zan kira shi "rumbun amana". Malam na Tarna, ka shirya, zan kira ka ka yi bayanin jakar zangarniyar nan da bakinka.