Shawarwari kan rigar ƙungiyar unguwarmu

Bayan la'asar muka zauna a Garwa kan batun rigar ƙungiyar ƙwallon unguwa. Dattawa suka ce a yi koyi da Coton Sport, babbar ƙungiyar ƙwallon Garwa a Kamaru: tun 1986 sunanta na ɗauke da auduga (coton da Faransanci), abin da manomanmu ke rufa asiri da shi. Shi ya sa da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka da Al Ahly ta Masar a 2008, har mai tallan goro ya ji tasa ce. Don haka sunan tamu ƙungiyar ya fito daga unguwa, ban da aron na Turai. Launi kuwa, a daina sauyawa kowace shekara.

Wadda ta fi kwanta mini: a ba telan unguwa ɗinkin, ya yi ƙanana masu araha, yara su sa ranar wasa.