Fasto muke zaɓa ko shugaba?

Iliya: Salama gare ku, 'yan'uwa. Wa'azin jiya ya tsaya mini a maƙogwaro. Rabaran ya ce kada mu jefa wa kowa ƙuri'a sai mun auna halinsa. Ba raini ba, amma ni ban yarda ba. Ba fasto muke zaɓa ba, ba kuma miji muke nema wa ƙanwarmu ba. Mutum ya yi titi, ya kawo ruwa, ya biya malamai albashi kan kari. Abin da yake yi in ya shiga gida ya rufe ƙofa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ko ya ɗan taɓa, in dai aiki na tafiya, ni ya ishe ni. Gara ɓarawo mai aiki da waliyyi mai barci.

Saratu: Yaya Iliya, "ɗan taɓa" ɗin nan nawa ne? A faɗa mana iyakarsa, mu san inda taɓawa ta ƙare sata ta fara.

Iliya: Ke kin cika neman magana. Kowa ya san abin da nake nufi.

Saratu: Ni ban sani ba fa. Har yau akwai masu yabon zamanin Abacha saboda tituna da magungunan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur. Ya rasu a 1998, amma a 2020, bayan shekara 22, sai ga sama da dala miliyan 300 na kuɗin da ya kwashe an dawo da su daga tsibirin Jersey, kuma ba su ne na farko ba. Shi ma taɓawa ce?

Mama Rahila: Iliya ɗana, bari in ba ka labarin ɓarawo mai aiki, don na sha ruwansa. Shekarun baya wani kansila ya haƙa mana burtsatse a bakin layinmu. Ranar buɗewa aka kafa rumfa, zumuntar mata muka yi anko, ni da kaina na riƙe masa almakashi a faranti. Ruwa ya zo har damina ta wuce, muna ta sa masa albarka. Sanyi na wucewa famfo ya fara tari, ba abin da yake fitarwa sai iska. Muka yi karo-karo muka kira mai gyara. Ya zura igiya ya auna, ya girgiza kai, ya ce ramin bai kai rabin zurfin da aka rubuta a allon ba. Sauran zurfin yana aljihu. Allon na nan har yau da hotonsa yana murmushi, awaki na kwana a inuwar tankin, ni kuma kullum ina leƙen 'yan garuwa da kuɗina a hannu. Kai ka ga tanki ka ce aiki. Halin mutumin yana can ƙarƙashin ƙasa inda idonka bai kai ba.

Iliya: Mama, ku yi haƙuri, wannan ai ɓarawo ne marar aiki. Ni mai aiki nake magana. Kuma tunda Littafi za a buɗe, a buɗe duka. Dawuda fa? Ya ɗauki matar mutum, ya sa aka kashe mijin, duk da haka ba a yi sarki kamarsa a Isra'ila ba. Da Rabaran ne mai tantancewa, da Dawuda bai tsallake ba.

Malam Bulus: Ka kawo hujjar da za ta kayar da kai. Koma 2 Sama'ila sura 11 ka karanta a tsanake. Zunubin ya fara a ɗaki, amma bai kwana a ɗaki ba. Da Dawuda ya so rufe asirinsa, da me ya yi amfani? Da rundunar ƙasa. Ya rubuta wa Yowab, babban kwamandansa, wasiƙa, ya ba Uriya, mijin matar, ya kai da hannunsa, a ciki an ce a sa shi inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi. Aya ta 17 ta ce ba Uriya kaɗai ya mutu ba, wasu sojojin ma sun faɗi tare da shi. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, ba su san Batsheba matar Uriya ba, ba su san abin da aka yi a fada ba. To ina ƙofar da ka ce ya rufe? Talaka in ya yi ɓarna, gidansa ke ɗauka. Mai mulki in ya yi, da hatimin hukuma yake rufe ta.

Sannan ka duba abin da ya biyo baya. Annabi Natan ya ce masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Amnon ya lalata ƙanwarsa Tamar, Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya yi wa ubansa tawaye, ƙasa ta shiga yaƙin basasa. Abin da ya bambanta Dawuda shi ne da aka nuna shi da yatsa ya ce na yi zunubi, bai sa an kama Natan ba. Wannan ma hali ne. Nawa ne a cikin namu za a faɗa wa gaskiya a fuska mai faɗar ya kwana a gidansa?

Haruna: Malam ya hau allo, yau sai dare.

Iliya: To na ji. Mu bar Isra'ila mu dawo Wusasa. Janar Gowon a nan ya tashi, ɗan katikis, ya yi makarantar St. Bartholomew, ya wuce Barewa. Ba wanda ya taɓa nuna gidajen da ya tara. Da aka hamɓarar da shi ranar 29 ga Yulin 1975 yana taro a Kampala, makaranta ya koma a Ingila kamar kowane ɗalibi. Mai hali ke nan, ko ba haka ba? Amma a ƙarƙashinsa fa? Binciken da gwamnatin Murtala ta yi ya sami gwamnoni 10 cikin 12 da laifin almundahana. Ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a tashar Legas ana biyan su kuɗin jira. Ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, a 1974 ya ce ba zai yiwu ba. Halin nasa me ya hana?

Saratu: Wannan kam ta shiga. Baba, kuna nan?

Baba Dattijo: Ina nan, 'yata, ina karantawa a hankali, idon ya tsufa. Iliya, tambayarka mai nauyi ce, kuma ba zan ce ƙarya ka yi ba. Abu biyu zan faɗa maka.

Lokacin da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, ni saurayi ne, a rediyo muka ji. Mutane da yawa sun zaci za a kafa kotunan ramuwa, a yi ta rataya. Gowon, wanda ke da bindiga da nasara a hannu, ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Yaƙin ya ci rayuka masu yawa, yunwa ta kashe yara, ban manta ba, kuma akwai waɗanda har gobe ba su huce ba. Amma a wannan rana ba doka ce ta riƙe hannunsa ba, don soja ne, shi ne dokar. Abin da ke cikinsa ne ya riƙe shi. Ka ɗora wani mai riƙo a kan kujerar nan a ranar, ka gaya mini irin ƙasar da za a haife ka a ciki.

Na biyu, ku yara kun ɗauka hali shi ne mutum ya zama mai sanyi, ba ya sha, ba ya neman mata, ba ya sata. Wannan rabi ne. Eli firist bai saci naman hadaya ba, 'ya'yansa Hofni da Finehas ne suke sa cokali a tukunya. Ya yi musu faɗa da baki, bai tsige su ba, hukunci kuma ya sauko a kan gidan duka. Iya cewa a'a ga na kusa da kai, wanda kuka ci tuwo tare, shi ma hali ne, kuma shi ya fi wuya. In an gaza a nan, a kan hali aka gaza. Ba hali ne ya yi yawa ba, ɗana, wani ɓangarensa ne ya kasa.

Iliya: Baba, na gode. Amma kun ga kun faɗaɗa kalmar har ta haɗiye komai. In iya aiki ma hali ne, to ai bakinmu ɗaya.

Malam Bulus: Ba ɗaya ba ne tukuna. Kai ka ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Yetro da ya ba surukinsa Musa shawara a Fitowa 18:21 bai raba su ba. Ya ce a nemo masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, masu ƙin cin hanci. Iyawa ce ma ta zo farko. Kuma wa ya ce maka mai gaskiya dole ya zama mai barci? Nehemiya ya gama garun Urushalima cikin kwana 52. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, saboda ya ga jama'a na cikin wahala, alhali mutum 150 ke ci a teburinsa. Akwai wata 'yar magana a sura 5 da nake so ka lura da ita: gwamnonin da suka riga shi sun matsa wa mutane, har barorinsu ma suna taka talakawa. Har barori, ka ji. Oga in yana ci, ba shi da bakin hana masinja. Karin Magana 29:12 ta faɗi haka, mai mulkin da ke sauraron ƙarya, fadawansa duka sai su zama mugaye. Ɓarawonka mai aiki ba shi kaɗai zai shiga ofis ba, da zugarsa zai zo, kowa da cokalinsa.

Haruna: Ni inda Iliya ya fi ni gaskiya daban ne. Mu in an ce hali a majami'a, me ake nufi in zaɓe ya zo? Sunan mutum. In Bitrus ne ko Yohanna, an gama, namu ne. Ya zo sujadar godiya da babbar riga, a ba shi kujerar gaba, ya karanta aya ɗaya yana tuntuɓe, mu yi tafi. Mun sha zaɓen namu ya tafi Kaduna ko Abuja, lambar wayarsa ta mutu sai bayan shekara huɗu. In wannan ne halin da ake wa'azi, gara maganar titi.

Mama Rahila: Kansilan burtsatsen nan ma namu ne, Haruna. Yana cikin ƙungiyar mawaƙa a da.

Haruna: Kun gani ko, Mama.

Baba Dattijo: Suna ba hali ba ne. A Ishaya 45 Ubangiji ya kira Sairus sarkin Farisa shafaffensa, ya kuma ce masa kai ba ka san ni ba. Shi ya saki Yahudawa suka koma gida. Ahab kuwa ɗan gida ne, sarkin Isra'ila, shi ya ci gonar inabin Nabot bayan an kashe shi da shaidar zur. Malam Aminu Kano Musulmi ne, ya rasu a 1983 bai bar dukiya ba, kuma ban taɓa jin Kirista a ƙasar nan ya ce ya ci masa kwabo ba. In irinsa ya tsaya da ɗan ikilisiya irin na Rahila, ni na san inda zan dangwala.

Iliya: To Baba, yaya za a yi mu san halin? Zuciya ba a leƙa ta. Titi kuwa ina iya taka shi da ƙafata daga Kwangila har Samaru.

Saratu: A Zariya ne za a ce ba a san halin mutum ba? Yaya Iliya, kai da ka san wanda ya sayi sabon babur a Sabon Gari kafin ya kai gida. Tambayi magina da suka yi masa gini ko ya biya su. Tambayi direbansa watanni nawa yake bi. In ya taɓa riƙe kuɗin ƙungiyar unguwa ko na iyayen yara a makaranta, a duba ko lissafi ya fito. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sani muna da shi. Shinkafa da atamfa da magi ne ke sa mu mantuwa daren zaɓe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Iliya: Ban janye duka ba. Har yanzu in aka ba ni mutumin kirki da bai san hagu da dama ba, ba zan zaɓe shi don kirkinsa kawai ba. Amma maganar barorin nan ta Malam ta kama ni, ban taɓa kallon ta haka ba. "Ɗan taɓa" kuwa na janye, kafin Saratu ta kai ni kotu.

Saratu: An yafe, sai dai da sharaɗin tsire.

Mama Rahila: Tunda kowa ya yi wa'azinsa, ni ga tawa tambayar. Kwanon rufin majami'a da Honarabul ya ce zai saya mana kafin zaɓe, bandir 20, kwamitin gini zai zauna a kansa ranar Asabar. Kowa a nan ya san labarin filin marayun nan da ya gine. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za mu karɓa ko za mu mayar?

Haruna: Damina ta kusa fa, Mama. Ɓangaren yara yoyo yake yi, bara da bokitai muka yi sujada.

Malam Bulus: Na sani. Ni ne mai kwashe bokitan.

Baba Dattijo: Ni zan ce a mayar, kuma zan faɗa a gaban Rabaran. Amma kada a bar ni ni kaɗai in tashi kamar wancan karon. Iliya, kana cikin kwamitin, ko ba haka ba?

Iliya: Ina ciki, Baba. Ƙarfe nawa ne?

Baba Dattijo: Huɗu na yamma. Ka zo da farashin bandir na kasuwa, mu ga nawa zai faɗo wa kowane gida in mu za mu saya.