Gidan kankaren Landan: wa ya ce an cika shi?

Mai Zane: Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba mai tayar da maganarsa a zauren nan. A 1993 Rachel Whiteread, mai fasaha 'yar Birtaniya, ta samu wani tsohon gida mai hawa uku, lamba 193 a titin Grove Road, gabashin Landan, wanda dama an yanke za a rushe. Ta cika shi da siminti, sannan aka ɓare bangon waje kamar ɓawon gyaɗa. Abin da ya tsaya shi ne siffar sararin da ke cikin ɗakunan. Ramin murhu ya bulluƙo waje, makunnin lantarki ya lotsa ciki. Sararin da mutane suka rayu a ciki ya zama abin da hannu zai taɓa amma ƙafa ba ta shiga. Ranar 23 ga Nuwamba ta ci kyautar Turner, babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, mace ta farko da ta ci ta, kuma a ranar ce kwamitin ƙaramar hukumar Tower Hamlets ya ce sai an rushe. Ranar 11 ga Janairu 1994 aka kai shi ƙasa. Ni na ce wannan zalunci ne. Wanda ke da ja ya fito.

Tsohon Birkila: Ƙanena, gyara maganarka tukuna. Ba a cika gidan nan ba. Ɓawo ne, cikinsa fayau.

Injiniya: Baba ya yi gaskiya. Mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ta kankare tana kai kilo 2,400. Ɗaki mai mita 4 sau 4, tsayi mita 3, zai ci tan 115 da ɗoriya, ɗaki ɗaya ke nan. Kafin ma a zo batun nauyi, ɗanyen kankare yana tura bango kamar ruwa. A zurfin mita 3, gindin bangon yana shan turin sama da tan 7 a kan kowace murabba'in mita. Tsohon jan bulo ba zai riƙe wannan ba, fashewa zai yi tun ba a kai rabi ba.

Mai Zane: To na ji, Yallaɓai. Amma a kan rushewar nake magana.

Malamar Fasaha: A'a, Malam, kada ka janye. "Cika" daidai ne. Mai kallo daga titi curi guda yake gani, ba ƙofa ba kafa, kuma abin da ido ya ɗauka shi ne aikin. Da za a rubuta a jikinsa cewa cikinsa fanko ne, da an kashe shi tun kafin motar rusau ta zo.

Tsohon Birkila: Hajiya, ido ba ya auna kankare. Ga yadda aka yi. An sake zuba sabon harsashi, domin tsohon ba zai ɗauki nauyin ba. An cire kayan ciki, an toshe ramuka, an rufe tagogi, fuskar bangon ta zama ɗaya. An shafa maganin da ke hana kankare kama bango, irin yadda muke shafa baƙin mai a mazubi. Sai feshin kankare na farko da bututu, mai laushi, wajen santimita 5, shi ke ɗaukar zanen bango. Sai ragar rodi da feshi na biyu, wajen santimita 25. Ma'aikatan ta rufi suka fita aka toshe. In an cika shi, ta ina suka tsaya suka yi aikin?

Injiniya: Baba, sai dai a cire baƙin mai daga misalin. Yana ɓata fuskar kankare da tabo, ga shi filasta ba ta kama wurin daga baya. Aikin da duk darajarsa tana fatarsa ba a kusantarsa da shi. Sannan kowa a nan yana cewa siminti. Siminti gari ne. In an haɗa shi da yashi da tsakuwa da ruwa, kankare ne.

Tsohon Birkila: Ni ban ce siminti ba, duba sama. Ku 'yan takarda haka kuke, ku gyara wa mutum abin da bai faɗa ba. Kuma da so aka yi a cika, ana iyawa: rabin mita yau, a bar shi ya kama, rabin mita gobe. Turin nan naka ba zai taru ba.

Injiniya: Sai ka samu layi a kowace mahaɗa, inda sabo ya hau busasshe. Nauyin kuma yana nan bai ragu ba.

Tsohon Birkila: Feshin ma yana da nasa ciwon. In bakin bututun bai fuskanci bango kai tsaye ba, daga nisan kamar mita ɗaya, tsakuwa tsalle take yi ta dawo, ta taru a kusurwa ba ƙarfi. In ka yi kauri a tashi ɗaya, ya zame. Bayan rodi kuma rami kan ɓuya, ba ka gani sai an ɓare.

Ɗalibin Gini: Ni fa a ganina duk ba sabon abu ba ne. Wani mai fasaha, Bruce Nauman, ya zuba kankare a sararin ƙarƙashin kujera tun shekarun 1960, a Amurka. Kwaikwayo Whiteread ta yi, ta ƙara girma.

Malamar Fasaha: Ɗana, da zarar mace ta yi abu sai a nemo namijin da ya riga ta. Tun 1990 ta ɗauki siffar ɗaki guda a arewacin Landan da farar ƙasar filasta, gunduwa-gunduwa, ta harhaɗa a kan ƙarfe. Shi ma fanko ne, amma ba wanda ya tsaya gabansa ya ji haka. Kujera ba ta da maƙwabta, ba a haihu a ƙarƙashinta ba.

Ɗalibin Gini: Hajiya, ba batun mace ba ne. Kuma kin amsa da bakinki cewa fanko ne.

Injiniya: Ta amsa.

Malamar Fasaha: Na amsa yadda aka yi shi. Ban amsa yadda ake ganinsa ba, kuma kun san bambancin.

Mai Zane: Don Allah, ko mutum ɗaya ya ce wani abu a kan hukumar da ta rushe shi mako 11 bayan kammala shi. Wurin yanzu fili ne da ciyawa.

Tsohon Birkila: Ka fara cire "cika" daga rubutunka, ƙanena. Yara masu koyon aiki suna karantawa.

Shugaban Zaure: To, a dakata haka, zan taƙaita. An tabbatar gidan ɓawon kankare ne mai kaurin wajen santimita 30 a kan ragar rodi, ba curi ba, kamar yadda Injiniya ya nuna da lissafi, kuma ba wanda ya iya karya lissafin. Baba ya kawo matakan aikin, mun gode, duk da ya zame a batun baƙin mai. Ɓangaren masu fasaha ba su kawo adadi ko ɗaya ba, sai abin da ido ke gani, kuma Hajiya da kanta ta yarda fanko ne. Ƙorafin Mai Zane kan rushewa ba a samu mai goyon bayansa da hujja ba, don haka mun ajiye shi. Mai Zane, ka gyara kalmar, ka kuma mayar da siminti kankare. Na rufe sharhi.