Hamsin ko tamanin a titin N1, daga Lapaz zuwa Kwashieman?

Alhaji Mai Tirela: Salamu alaikum jama'a. Masu cewa a mayar da gudun mota a titin N1 na Ankara, babban birnin Ghana, kilomita 50 a awa tsakanin Lapaz da Kwashieman, ni ban goyi bayansu ba. An buɗe titin nan a 2012, layi uku kowane hannu, don kayan tashar jiragen ruwa ta Tema su wuce Cape Coast da Takoradi ba tare da sun maƙale cikin Ankara ba. Hamsin cunkoso kawai zai ƙara. Mutuwa kuwa ba za ta ragu ba, tunda masu tsallakawa ne ke ƙin hawa gada.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu yi lissafi. Daga Tetteh Quarshie zuwa mahaɗar Mallam kilomita 14 ne. A 80, minti 10 da rabi. A 50, kusan minti 17. Ko duk titin aka rage, asarar minti 6 ce da 'yan daƙiƙoƙi, balle yanki ɗaya. Cunkoson Lapaz kuma daga danja yake da trotro, ƙananan bas ɗin haya, masu tsayawa ɗaukar fasinja a kan layi.

Ga inda abin yake. Kafin direba ya hangi mutum ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce. Ƙaramar mota a 50, a busasshiyar kwalta, tana cin mita 21 a wannan lokacin, birki ya ci 14, jimla 35. A 80 kuwa mita 33 da 36, kusan 70. Wurin da mai 50 ya tsaya cak, mai 80 bai ma fara rage gudu sosai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 50 zuwa 65 kaɗai, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkuwa sau 4 da rabi.

Malama: Dokar ma akwai ta. Dokar zirga-zirgar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta ce 50 cikin unguwa, 30 kusa da makaranta, asibiti, kasuwa, coci ko masallaci, 90 a babbar hanya, 100 a motowe. Tambayar ita ce: Lapaz babbar hanya ce ko unguwa? Kasuwa hagu da dama, 'yan makaranta daga Fadama da Abeka suna tsallakawa safe da yamma. Sunan titi bai canja wannan ba. Mun ga abin da ya faru a titin Madina da Adenta a Nuwamban 2018, sai da mota ta kashe ɗaliba, jama'a suka ƙona tayoyi, sannan aka koma kan gadojin da aka bari ba a gama ba.

Alhaji Mai Tirela: Malama, Allah ya jiƙanta. Amma ai gada aka gama a can, ba allon iyakar gudu aka kafa ba. Tsorona shi ne ka sa 50, mai bin doka ya bi, na bayansa ya taho da 90. Bambancin nan shi ke jawo karo ta baya da sauya layi ba shiri. Kuma don Allah kada wani ya kawo maganar tudun rage gudu. Tirela mai kaya ko tankar mai ta hau shi da dare ba ta gani ba, sifirin ya karye ko kaya su goce.

Injiniya: Nan kam gaskiyarka, Alhaji. Tudu ba na irin wannan titi ba ne, allo shi kaɗai kuma ƙarfe ne a tsaye. Direba faɗin titi yake bi. Yadda ake yi: a ɗauki na'urar auna gudu a auna motoci aƙalla 100 lokacin da titi ya saki, dare da rana, a ga gudun da kashi 85 cikin 100 ba sa wucewa. In ya fi 50 da nisa, jikin titin ne ke buƙatar gyara. A sauko mataki-mataki, 70 sannan 50, da tazarar da tirela za ta rage giya ba birki kaɗai ba. A sa siraran layuka masu sa taya kuka kafin shiga yankin. A matse fentin layi daga mita 3.5 zuwa wajen 3.2. Sannan a saita danjoji yadda mai 50 zai riƙa tarar da kore, mai 80 ya tarar da ja.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Alhaji, masu ƙin gada ba duka ne masu taurin kai ba. Kaya-yo, wato 'yar dako, mai kwano cike a ka, da goyo a baya, ba za ta yi doguwar tafiya ta hau matakala ta dawo ba. A sa tashar trotro a gindin gadar, a kori masu baza kaya a kanta, a sa fitila mai aiki don tsoron ɓarayi da dare, a gyara shingen tsakiya duk inda aka ɓalle shi. Tsohuwa kuma tana bukatar daƙiƙa 11 ta wuce layi uku. Mota mai 80 ta ci fiye da mita 200 a wannan lokacin, ina za ta iya auna ta da ido?

Baba Tsohon Ɗan Sanda: 'Ya'yana, ku kula da dare. Da rana cunkoso ne ke riƙe gudu; bayan sallar isha'i titi ya saki, fitilu wasu a mace. Jami'in MTTD, sashen 'yan sandan kula da hanya, ba zai kwana a kwalta ba, tsayar da mota a tsakiyar layi uku ma haɗari ne. Kyamara ake so mai ɗaukar lamba, a haɗa ta da rajistar DVLA, hukumar lasisin direba da mota, tara ta iske mai mota. Matsalar ita ce motocin da aka sayar ba a canja suna ba, da okada marasa lamba.

Alhaji Mai Tirela: To, in za a saita danja a sa kyamara ta kama kowa, har da masu jiniya, na yarda da 50 a Lapaz. Kwashieman zuwa Mallam a bar mana 70.

Malama: Alhaji, Kwashieman ma akwai mahaɗa, akwai makarantu. A fara auna gudun can da ƙirga masu tsallakawa daga ƙarfe 6 zuwa 8 na safe, sannan mu yi maganar 70.