Mu je gidan shayin maguna a Osaka ko mu ba da haƙuri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Sati biyu kenan muna Osaka ta ƙasar Japan, Maigida ya zo kwas na wata uku, ya taho da mu ni da 'yata mai shekara 7. Matar abokin aikinsa, 'yar Japan, ta gayyace mu ranar Asabar wani wuri da suke kira neko kafe. Gidan shan shayi ne, amma cike da maguna, ka biya kuɗi ka zauna a cikinsu. Tunda yarinyar ta ga hotuna ta hana ni sakat. Ni kuma ga ciki wata 5, kuma tun muna yara ake ce mana gashin mage idan ya faɗa abinci tari yake sawa. Sannan ina tunanin tsarkin kayana, don a waje zan yi La'asar. Matar nan ta yi mana ɗawainiya sosai, ina jin nauyin in ce mata a'a.

Malama: Wa alaikumus salam. Batun tsarki ki kwantar da hankalinki, 'yar uwa. A Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo cewa Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Annabi (SAW) ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Gashinta da yawunta ba sa ɓata miki sutura. Fitsarinta da kashinta ne najasa, sai ki duba inda za ki zauna.

Maman Biyu: Ni dai da ni ce ba zan je ba wallahi. Mai ciki da lallaɓawa aka san ta. Ki bar babanta ya kai ta.

Anti Nas: Ƙanwata, tsoron Maman Biyu yana da tushe, amma bari in fayyace. Cutar da ake jiye wa mai juna biyu sunanta tokzoplasma, tana iya taɓa jaririn da ke ciki. A kashin mage take, kuma sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya iya harbin mutum. Magen da ke farautar ɓera ko cin ɗanyen nama ita ta fi ɗauko ta, su kuwa na irin wuraren nan a ɗaki suke rayuwa, abincin leda da na gwangwani suke ci. Naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba sun fi shafar mage haɗari. Kada ki kusanci mazubin kashinsu, kada ki kai hannu baki ko ido, ki wanke da sabulu kafin ki fito. Gashin kuma ba ya haifar da tari ga mai lafiya, sai dai yana tayar wa mai asma ko wanda jininsa bai haɗu da mage ba. Ku biyun akwai mai asma? In akwai, ku haƙura. Ki kuma kira likitarki ta awo ki ji ta bakinta.

Ɗalibi a Kyoto: Aunty, shekarata uku a nan, na je sau da yawa. A Taipei, babban birnin Taiwan, aka fara buɗe irin gidan a 1998, na farko a Japan kuma nan Osaka ne, 2004. Ya karɓu ne saboda gidajen haya da yawa an hana ajiye dabba, mutum ya taso aiki a gajiye sai ya je ya huce a can. Lokaci ake saya, wasu duk minti 10 suke lissafi, wasu awa guda, don haka ki riƙa duba agogo. Yawanci za ku cire takalma a ƙofa, ku wanke hannu. Ba a ɗaukar mage, ba a tayar da mai barci, ba a haska musu fitilar kyamara. Galibinsu kyanwar Lami ne, amma yaro ya ja wutsiya zai sha yaƙushi.

Abu mafi muhimmanci: wasu wuraren ba sa barin ƙananan yara su shiga. Ki sa matar ta buga waya tun yau, kada ku je a mayar da yarinya daga bakin ƙofa tana kuka. Ki tsaya a kan shayi ko lemo, kek ɗinsu sau da yawa akwai giya ko jelatin na alade. In da zaɓi, ku je irin wanda ke tattaro magunan titi yana nema musu masu riƙo, kuɗinku ya zama abincinsu.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, kun cire min nauyi. Babu mai asma a cikinmu. Matar ta kira, sun ce suna karɓar yara in da babba a tare. Gobe ina da awo, zan tambayi likita. In ta amince minti 30 za mu yi, in zauna a kujera da hijabin da ba shi zan yi salla ba, don hankalina ya fi kwanciya. In ta hana, babanta ya shiga da ita, ni in jira su a shagon da ke ƙasa.