Yaya zan cire tsohon fenti daga jikin 'yan sojojin roba ba tare da sun narke ba?

Nura Mai Fenti, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata rubutun allunan shaguna ce a Tudun Wada, shekara 11 ke nan ina riƙe da buroshi, amma yau na haɗu da aikin da ya wuce sanina.

Makon jiya maƙwabcin shagona, mai sayar da kayan wasan yara na gwanjo, ya fasa dila, sai ga wata leda cike da 'yan mutum-mutumin sojoji, kowanne bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba. Yara ba su ko kalle su ba, tunda ba sa motsi, ba sa ƙara. Ni kuwa da na ɗaga ɗaya a hasken rana na ga har igiyar bindiga da ƙusoshin sulke an sassaƙa, sai na kasa ajiyewa. Na saye duka 34. Ƙanena ya bincika a intanet ya ce na wasan Warhammer 40,000 ne, na kamfanin Games Workshop da ke Ingila, ana jera su a kan tebur ana jefa dayis irin na ludo.

Damuwata fentin ne. Mai su na farko ya lafta ja a kan shuɗi, shuɗin ma a kan baƙi, har idanun sun toshe. Guda 26 roba ne, 8 kuma suna da nauyi kamar ƙarfe. Na jefa na roba ɗaya cikin tinar da nake wanke buroshi da ita. Kafin in gama sallamar wani mai aiki fuskar ta yi laushi kamar alewa a rana, bakin bindigar ya lanƙwashe. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don wani ya ɓata lokacinsa ya fitar da wannan fuskar. Saura 33, ba na son in sake rasa ko ɗaya. Me zan jiƙa su a ciki?

Malam Bashir, Ƙaura Namoda

Wa alaikumus salam Malam Nura. Ka taɓa ganin masu toshe yoyon kwano suna zuba fetur a kan farin soson da ake naɗo talabijin da shi, ya narke ya zama danƙo? To robar sojojinka dangin wannan soson ce, sunanta folistirin, sai dai ita ba a hura mata iska ba. Duk abin da ke cin soson zai ci su: fetur, tina, da asiton, wato ruwan da mata ke goge fentin farce da shi. Ga gwaji mai sauƙi: kafin ka saka soja a kowane ruwa, ɗiga ruwan a kan guntun soson. In ya lotsa, kada ya kusanci robar.

Abin da za ka nema shi ne barasar asibiti mai suna aisofurofil. Duba kwalbar, in ka samu mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama ta fi. Sifirit ɗin kemis ma yana yi, sai dai wani an tsinka shi da ruwa, yana ɗaukar lokaci. Yawanci da fentin akirilik ake yi wa irin waɗannan ado, na ruwa ne, in ya bushe ya zama fata-fata a jikin robar, barasa kuma tana saki wannan fatar. Ka zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ka jiƙa kamar awa ɗaya, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka maida, ka sake gogewa. Da zafin garin nan, in ka bar kwalbar a buɗe kafin la'asar rabi ya tashi. Kada ka ajiye ta a rana ko kusa da risho, tana kama wuta nan take.

Ɗan Gareji

Oga Nura sa man birki kawai, har fentin mota yake ɗagawa.

Sadik, ɗan Talata Mafara

Yaya Nura, ina karatu a Notingham, garin da hedikwatar kamfanin take, kuma abokan ajinmu sun koya mini wasan. Na ji daɗi ƙwarai da na ga wani a gida ya damu da su.

Man birki yana cire fenti, gaskiyar Ɗan Gareji ne, amma guba ne, yana cin hannu, kuma in roba ta daɗe a ciki takan yi gautsi. Ka bar shi sai in komai ya gagara.

Abin da mutane da yawa ke amfani da shi a nan yana cikin kowane kanti a Gusau: Dettol, ruwan ƙasa-ƙasa na asali. Zuba shi tsura, sojojin su nutse, su kwana. Ga inda ake kuskure: ka san yadda yake komawa fari kamar madara in ya taɓa ruwa? In ka ɗauraye soja da ruwa alhali fentin bai gama fita ba, sai fentin ya zama danƙo ya manne a kowane lungu, cire shi ya fi na farko wuya. Don haka ka goge shi a cikin Dettol ɗin, buroshi a bushe, sannan ka shafa sabulun wanke-wanke na ruwa tsurarsa, ka sake gogewa, sai daga ƙarshe ruwa. Sa safar hannu, in ba haka ba fatar yatsunka za ta saɓule. Warin kuma yakan yi kwanaki. Lungun ido da tsakanin yatsu sai da tsinken sakace, kada ka sa allura, tana barin zane.

Na ƙarfen su ne masu daraja. Juya su ka duba ɗan harshen da ke shiga cikin gindin, wato baƙin faifan robar da sojan ke tsaye a kai, sau da yawa akwai shekara a rubuce. An fara wasan a 1987, kuma sojojin ƙarfe na shekarun farko da yawa hannayensu da jakar bayansu roba ne aka manna. Cire waɗannan da baƙin gindin tukuna, sannan ka jefa ƙarfen cikin asiton ko tinarka, ba abin da zai same shi. Sufa gulu zai narke, gaɓoɓin su rabu, don haka ka tace ruwan kafin ka zubar.

Hajiya Maman Ihsan, Anka

Ɗana Nura, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar ƙarfe mai nauyi ce ta sa na tsaya. Sadik, ka gaya mana gaskiya, akwai dalma a ciki?

Mu nan ba a ba mu labarin gubar dalma ba, gani muka yi. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Na san curin ƙarfe ba ɗaya yake da waccan ƙurar ba, amma da zarar ka sa masa zarto ko sanfefa ka yi ƙura. Kada ka kankare su, kada ka yi aikin inda ake girki, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci. Yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa, ka kulle su. Ruwan da ka jiƙa su ma kada ya bi kwata zuwa inda awaki ke sha.

Sadik, ɗan Talata Mafara

Mama, akwai a tsofaffin. Sai a shekarun 1990 aka koma haɗin da ba dalma. Mai dalma ya fi duhu, ya fi laushi. Yaya Nura ya ɗauka duka takwas ɗin suna da ita.

Nura Mai Fenti, Gusau

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da labari bayan kwana biyar.

Malam Bashir, na yi gwajin soson, sifirit bai taɓa shi ba. Na raba na robar gida biyu. Na sifirit sun fi saurin sakin jan, amma sai da na jiƙa sau uku. Na Dettol sun kwana, da safe fentin ya zame kamar ɓawon tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. Baƙin da ke can ƙasa bai fita duka ba, ya bar dishi-dishi, amma na shafa yatsa ban ji tudu ba, zan yi sabon fenti a kansa.

Hajiya, na ji maganarki. Na ƙarfen suna shago cikin gwangwani mai murfi a saman kanta, ba su shiga gida ba, don Ummi tawa wata goma gare ta. Uku daga cikinsu an rubuta 1992 a ƙasa. Ɗaya, da fentin ya fita, ashe akwai tabo a kan girarsa da ɗan ƙoƙon kai a bel ɗinsa, duk an binne su. Na daɗe ina kallonsa.

Sadik, buroshina mafi siriri ya yi wa idon nan kauri. Lamba nawa kuke amfani da shi, kuma in ƙurar hunturu ta sauka, da me kuke rufe su kafin su bushe?